Dokar Luwaɗi Da Maɗigo: Wa Zai Kai Ƙarar Wa?

A wannan karo za mu taɓo wata magana ce wadda yawancinmu ba mu son a ambace ta a gaban yara, balle har a buga ta a jarida, wato shirin dokar nan ta hana luwaɗi da maɗigo da auren jinsi ɗaya, wadda tun shekarar 2021 aka shiga safa da marwa da ita tsakanin majalisar dokoki da fadar shugaban ƙasa da Kotun Ƙoli a Ankara. Mun san akwai dattawan da za su ce da mun bar ta. To, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takardar da za ta iya kai mai gidan haya na Salaga kurkuku, ko ta mai da zauren Sarkin Zangon Yandi wurin karɓar tsegumi, ai ta wuce a kau da kai daga gare ta don kunya.

Bari mu share fage tun da wuri. Hukuncin luwaɗi a Musulunci sananne ne, duk almajirin da ya sauke Risala ya ji shi daga bakin malaminsa, kuma ba aikin wannan fili ba ne ya taɓa shi. Ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya fito fili ya goyi bayan shirin dokar, haka nan manyan majami'un Kirista. A wani binciken jin ra'ayi da cibiyar Pew ta Amurka ta yi a 2013, kashi 96 cikin 100 na mutanen Gana da aka tambaya sun ce bai kamata al'umma ta yarda da luwaɗi ba. Saboda haka babu mai bukatar a gaya masa inda ra'ayin zango ya karkata. Abin da ya dame mu shi ne, a cikin masu tafa wa wannan doka a majalisun shayi na Bawku da Yandi da Salaga, mutum nawa ne suka san abin da ke rubuce a cikinta, kuma a kan wa za ta faɗo idan ta faɗo?

Da farko dai ya kamata a sani cewa ƙasar nan tana da dokar hana luwaɗi tun kafin a haifi mafi yawan masu muhawara a kai. Sashe na 104 na dokar manyan laifuffuka ta 1960 ya mai da shi laifi ko da da yardar juna aka yi, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3. Shi kuwa wannan sashe gado ne daga kundin da Turawan mulkin mallaka suka kafa wa Gwalkwas a 1892, shekarar da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga, fataken goro suka bazu zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa. Su Turawan sun sassauta tasu a Ingila a 1967, mu muka ci gaba da riƙon tamu, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa sashen bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasa ba.

To me ya kawo sabuwa? Ranar 31 ga Janairun 2021 ƙungiyar LGBT+ Rights Ghana ta buɗe ofishi a Ashongman, can gefen Ankara, inda jakadan Ostireliya da na Denmak da wakilan Tarayyar Turai suka halarta. Hotunan bikin suka bazu, gari ya ɗauki zafi, kafin Fabrairu ya ƙare 'yan sanda sun garƙame wurin. A watan Mayu aka kama mutum 21 a wani otal a garin Ho suna taron ƙara wa juna sani, suka yi kwana 22 a tsare kafin a ba da belinsu, a watan Agusta kuma kotu ta sallame su domin babu hujjar da za a riƙe su da ita. A cikin wannan zafi ne Samuel Nartey George, wakilin Ningo-Prampram, da abokansa bakwai suka gabatar da shirin dokar, cikinsu har da namu na arewa, Alhassan Suhuyini na Tamale ta Arewa.

Majalisa ta zartar da ita ranar 28 ga Fabrairun 2024, da ɗauri har zuwa shekara 3 ga wanda ya aikata ko ya bayyana kansa a matsayin ɗan luwaɗi ko 'yar maɗigo, da kuma har zuwa shekara 5 ga wanda ya tallata al'amarin ko ya kafa masa ƙungiya ko ya ba da kuɗi. Alexander Afenyo-Markin ya nemi a musanya ɗaurin da aikin gayya da nasiha, 'yan'uwansa 'yan majalisa suka yi masa ca har ya haƙura. Kwanaki kaɗan bayan haka ma'aikatar kuɗi ta gargaɗi Shugaba Akufo-Addo cewa ƙasa tana iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya cikin shekara 5 zuwa 6 idan ya sa hannu. Shi kuma ya ce sai ya ji ta bakin Kotun Ƙoli, inda Richard Dela Sky da Dakta Amanda Odoi suka shigar da ƙara. Ranar 18 ga Disamban 2024 kotun ta kori ƙararrakin biyu, ta ce takardar ba ta zama doka ba tukuna balle a ƙalubalance ta. Wa'adin majalisa ya cika a farkon Janairun 2025 ba tare da sa hannu ba, shirin dokar ya mutu, sa'an nan a watan Fabrairu 'yan majalisa 10 suka sake miƙa shi. Shugaba John Mahama, wanda ɗan Gwanja ne, ya gaya wa bishop-bishop na Katolika a Janairun 2025 cewa ya fi son a koyar da tarbiyyar iyali a makarantu, kuma in doka za a yi to gwamnati ta kawo ta da kanta. A watan Nuwamba na wannan shekarar kuwa ya shaida wa Majalisar Kiristocin Gana cewa in majalisa ta zartar ta kawo masa zai sa hannu.

Game da auren jinsi, wanda shi ne aka fi tsorata jama'a da shi a kan mumbari, maganar gajeriya ce. Holan ce ta fara halatta shi a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Amurka baki ɗayanta a 2015. A Gana aure iri uku doka ta sani: na kotu ko coci, na gargajiya, da na Musulunci, kuma babu ɗaya a cikinsu da ake ɗaurawa tsakanin namiji da namiji ko mace da mace. Akufo-Addo ya faɗa a Asante Mampong a Fabrairun 2021 cewa ba za a halatta shi a zamaninsa ba, kuma ba a halatta ba. A nan ma bari mu ɗan ratse. Dokar auren Musulmi da Turawa suka kafa a 1907 ta ce a yi wa aure rajista cikin mako ɗaya da ɗaura shi. A duba zangunanmu, a cikin aurarrakin da aka raba goronsu bara, nawa ne suke da wannan takarda? Ranar da mai gida ya cika, dangi suka shiga rabon gado, ita matar da ba ta da takarda ita ce ke shan wahalar tabbatar da aurenta a gaban alƙali. Da masu kishin iyali sun ba wannan rabin ƙarfin da suka ba wancan, da zawarawa da marayu da yawa sun huta.

Yanzu mu koma ga sassan da ba a cika karanta wa jama'a ba. A cikin takardar da aka gabatar a 2021 akwai sashen da ya ɗora wa mutum nauyin kai rahoto ga 'yan sanda, in babu ɗan sanda kusa to ga shugaban siyasa ko mai faɗa-a-ji ko sarakunan gargajiya na wurin. Akwai kuma sashen da ya tanadi ɗaurin shekaru ga mai gida ko mai kula da gida wanda ya bari aka aikata abin a ɗakinsa da saninsa. Wanda ya rubuta wannan, da wuya in ya taɓa kwana a gidan haya na zango. Gida ɗaya, ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya. Samari huɗu 'yan ga-ruwa ko masu tura baro sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki ɗaya domin ba su da halin kama biyu. Fatake daga Nijar da Burkina suna sauka wurin mai masaukinsu, su kwana a zaure a jere kamar yadda kakanninsu suka yi a zamanin cinikin goro. A al'adarmu aboki yakan riƙe hannun abokinsa su ratsa kasuwa, babu wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Duk wannan, ranar da aka ce kowa ya zama ɗan rahoto, ya zama abin da maƙiyi zai iya juyawa. Mai gidan da ke son ya kori ɗan haya ya ƙara kuɗin ɗaki ya sami hanya. Haka ɗan hayar da ake bin sa bashin wata shida, haka kishiyar da ke jin haushin ɗan kishiyarta, haka wanda aka kayar a neman limanci.

Domin adalci, takardar tana da sashen da ya hana jama'a dukan wanda ake zargi ko ci masa mutunci. Madalla da wannan. Sai dai mu mutanen Salaga muna da abin tunawa. Ranar 23 ga Yulin 2020, a ƙauyen Kafaba da ke yankinmu na Gwanja ta Gabas, wata mai duba ta nuna wata tsohuwa 'yar shekara 90, Akua Denteh, ta ce mayya ce. Aka yi mata duka da rana tsaka har rai ya yi halinsa, mutane na tsaye suna kallo, wani yana ɗauka da waya. A ranar nan dokar hana kisan kai tana nan daram a cikin littafi, amma ba ta tsaya tsakanin tsohuwar nan da bulala ba. Sai a Yulin 2023 Babbar Kotun Tamale ta yanke wa mata biyu ɗaurin shekara 12 kowace. A cikin wannan watan ne majalisa ta zartar da dokar hana jifan mutum da maita, amma Akufo-Addo bai sa mata hannu ba, ya ce dokar da za ta jawo wa baitulmali kashe kuɗi ba ɗan majalisa ne ke kawo ta a ƙashin kansa ba. Duk wanda ya je Gnani, kusa da Yandi, ko Kukuo ko Gambaga, zai ga tsofaffin da kalma ɗaya ta raba da gidajensu da jikokinsu. Maita da luwaɗi ba abu ɗaya ba ne, amma zarginsu hanya ɗaya yake bi: babu mai neman shaida, kuma wanda aka jefa ba shi da yadda zai wanke kansa.

Ba ma sai mun yi hasashe ba. A watan Agustan 2015 wasu samari a Nima masu kiran kansu Safety Empire suka yaudari wani saurayi, suka tuɓe shi suka yi masa dukan kawo wuƙa bisa zargin luwaɗi, suka watsa hoton a Facebook. A Oktoban 2021, ana tsakiyar muhawarar majalisa, aka kama wasu samari a unguwar Choggu ta Tamale, aka kai su fada aka ci su tara, sa'an nan aka miƙa su ga 'yan sanda. Wannan duk tun doka ba ta fito ba ke nan. Balle Bawku, garin da rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa mutane suka sha kwana ƙarƙashin dokar hana fita, inda ji-ta-ji-ta kaɗai ta isa a rasa rai, kuma Bahaushe da Bamoshe da Bazabarme ke taka-tsantsan kada a ce sun karkata wani ɓangare. Garin da yake haka, me zai yi da sabon makamin zargi?

Abin mamaki, littafin da muke kafa hujja da shi ya fi mu tsantseni nesa ba kusa ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ba a tabbatar da wannan laifi sai da iƙirarin mai shi ko shaidu huɗu maza adilai waɗanda suka gani da idanunsu. Wanda ya jefi mutum da shi ya kasa kawo shaidun, shi ne za a yi wa bulala 80 ta ƙazafi, a kuma daina karɓar shaidarsa, kamar yadda Suratun Nur ta shimfiɗa a kan masu ƙazafi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kafin zamanin Alhaji Umaru na Salaga, ta sanya kiran mutum ɗan luwaɗi a cikin abin da ke jawo haddi. Suratul Hujurat kuma ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane. Wato shari'a ta haramta aikin, ta kuma toshe ƙofar leƙe da tsegumi da ƙulli mai ƙarfi. Ita kuwa takardar Ankara ta ɗauki haramcin ta bar ƙullin. Muna roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, idan sun karanta wa jama'a babin farko ranar Juma'a su daure su karanta na biyun.

Akwai kuma wata gaskiyar da Bahaushe ya sani amma yake yi kamar bai sani ba. Kalmar ɗan daudu ba daga Turai aka kawo mana ita ba. Tun zamanin kakanni akwai mazan da ke magana da tafiya irin ta mata, suna dafa abinci suna sayarwa a tasha da bakin kasuwa a Kano da Katsina da Maraɗi, ana cin tuwonsu, ana kiransu girkin biki, ana yi musu ba'a, malamai na yi musu wa'azi, in sun mutu a yi musu salla a binne su a maƙabartar Musulmi. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya rubuta littafi a kansu a 2009, marigayi Rabilu Musa Ibro kuma ya fito a matsayin ɗan daudu a fim mun sha dariya. Maƙwabtanmu na kudu suna da tasu kalmar, Kojo Besia. Ba duk ɗan daudu ne ɗan luwaɗi ba, kuma ba duk mai aikata luwaɗi ne ke karairaya ba, wani ma da rawaninsa da babbar rigarsa. Amma idan taron jama'a ya tashi farauta, wa zai fara kamawa? Talakan nan mai lanƙwasa murya da ke soya ƙosai a tasha. Mai kuɗi yana da katanga da lauya da fasfo.

Mu leƙa Nijeriya, tun da yawancinmu muna da dangi can. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, da ɗaurin shekara 14 ga ma'auratan da shekara 10 ga masu taimaka musu. A cikin wannan watan aka yi ruwan duwatsu a kan wata kotun shari'a a Bauci, jama'a na neman a ba su waɗanda ake tuhuma. A watan Fabrairu aka bi gida-gida a unguwar Gishiri ta Abuja aka fito da maza 14 aka lakaɗa musu duka. Shari'ar maza 47 da aka kama a wani otal a Ikko a 2018, wadda aka ɗauka ita ce za ta gwada ƙarfin dokar, kotu ta yi watsi da ita a Oktoban 2020 domin masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidunsu. A Oktoban 2023 an kama mutum 76 a Gombe. Kamu ya yi yawa, tonon silili a gaban 'yan jarida ya yi yawa, kuɗin beli da na toshiyar baki sun yi yawa. Wanda aka nuna fuskarsa a talabijin, ko kotu ta sallame shi unguwarsu ba ta sallame shi ba.

Su ma masu adawa da dokar ba duka baƙi ba ne. A 2021 wasu lauyoyi da shaihunan jami'a 18, cikinsu da Akoto Ampaw da Farfesa Takyiwaa Manuh da Farfesa Audrey Gadzekpo, sun rubuta wa majalisa cewa shirin ya taka 'yancin faɗar albarkacin baki da na taro. Kadinal Peter Turkson ya gaya wa BBC a Nuwamban 2023 cewa bai kamata a ɗaure mutum don wannan ba, ko da yake bishop-bishop na gida sun tsaya a kan bakansu. Mawaƙiya Angel Maxine, wadda aka haifa namiji take rayuwa a matsayin mace, ta fitar da waƙar Wo Fie a 2021 tare da Wanlov da Sister Deborah, tana nuna cewa wanda ake farauta yana iya zama ɗan gidanku. A Yunin 2022 an kafa allunan talla a Ankara da Tamale, ba su daɗe ba aka sauke su. Mu dai ra'ayinmu, allunan nan da hotunan jakadu sun fi jawo wa talakan ciki bala'i fiye da kariya, domin su ne suka ba 'yan siyasa damar cewa abin na Turawa ne. Barazanar yanke taimako ma haka take. David Cameron ya gwada ta a 2011, marigayi Atta Mills ya mayar masa da martani, jama'a suka ƙara tauri. Amma a lura, kalmar tallatawa tana da faɗi. Mai gabatar da shiri a gidan rediyon Yandi da ya gayyaci likita su tattauna cutar ƙanjamau, ko ma'aikaciyar asibitin da ta ba mara lafiya shawara ba ta kai shi ƙara ba, wa zai ba su tabbacin cewa wani ba zai fassara aikinsu da tallatawa ba?

Mu mutanen zango ya kamata mu fi kowa jin tsoron dokar da ke cewa maƙwabci ya nuna maƙwabci. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Dattawanmu suna nan da ransu waɗanda suka ga yadda aka yi: wanda aka haifa a Salaga, ubansa ma a nan aka haife shi, aka nuna shi da yatsa aka ce baƙo ne, ya sayar da gidansa da rumfarsa a kuɗin goro ya hau lori, wanda ya nuna shi kuwa ya gaje rumfar. Har gobe ɗan zango yakan sha tambayoyi wurin neman katin ɗan ƙasa ko fasfo saboda sunansa kawai. Idan aka zo kamu, ba a unguwar masu katanga ake farawa ba. Kurkukun Salaga da na Yandi da na Bawku ƙanana ne, kuma mun san 'ya'yan wa ke cika su.

Saboda haka muna kira ga sarakunan zango da limamai da shugabannin samari na garuruwan nan uku da su yi shawara tun kafin a kawo musu ƙarar farko, su tsai da magana cewa duk wanda ya zo da irin wannan zargi za a tambaye shi shaidunsa a cikin sirri, ba za a tara jama'a ba, ba za a ɗauki hoto ba, ba za a ci tara a zaure ba, kuma ba za a bar kowa a hannun samari ba. Iyayen da suka ga abin da bai kwanta musu ba a wurin ɗansu, korar sa zuwa tashar Kumasi ba ta taɓa gyara kowa ba. Wakilanmu kuma suna zuwa gida salla da jana'iza da neman ƙuri'a, cikinsu har da Mahama Ayariga na Bawku ta Tsakiya, wanda ya zama shugaban masu rinjaye a majalisa a 2025. In sun zo a tambaye su sashen kai rahoto da sashen mai gidan haya, su karanta mana da Hausa da Dagbanci da Gwanjanci, a kuma tambaye su me suka yi a kan dokar hana zargin maita tun bayan da aka ƙi sa mata hannu a 2023.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.